Yadda Ake Tare Zuciya Kafin Ta Ɗebi Mutum: Hanyar 'Yan Sitowa

Ni tela ne, shekarata 19 a kan keke, kuma duk wanda ya zauna a shagona a da ya san ni da zafin rai. Abin da ya tura ni neman magani ya faru ne ana saura kwana uku Ƙaramar Sallah. Yaron da ya fi kowa hannu a cikin yarana ya yanka wandon wani Alhaji, ya gaza da inci uku, ga shadda mai tsada, ga babu ragowar yadi. Na zage shi ta uwa ta uba a gaban 'yan'uwansa. Bai ce uffan ba. Ya ninke abin da ke hannunsa, ya ajiye almakashi, ya fita. Wandon dai cikin awa guda na yi masa ƙari a ƙubaka, riga ta rufe, mai kaya bai taɓa sani ba. Yaron kuwa har yau bai dawo ba.

Wani ƙanena da ya karanta falsafa a jami'a shi ya nuna min hanyar da zan bayyana a nan, ta 'yan Sitowa, wasu masana falsafa na zamanin da. Shekara shida ke nan ina binta, na kuma koya wa yaran shago da dama.

Kayan aiki

- Ƙaramin littafin rubutu da biro. Kada ka haɗa shi da littafin awo ko na bashi, domin za ka rubuta abin da ba ka so kowa ya gani.
- Minti 5 da safe, minti 10 da dare. Ka ɗaura su a jikin abin da ba ka fashinsa: ni bayan sallar asuba, sai kuma bayan na rufe shago.
- Alamar tuni, wadda ido ko hannu zai riƙa cin karo da ita. Ni jan zare na ɗaura a kunnen almakashina.
- Mutum ɗaya da ba ya jin nauyin faɗa maka gaskiya, matarka ko abokin aiki. Ba dole ba ne, amma yana rage tsawon tafiyar.

In ba ka rubutun boko, yi da ajami. In rubutun ma gaba ɗaya wahala ne, ɗauki muryarka a waya, ka goge bayan mako. Na san wanda ƙwayar wake yake jefawa a kwalba duk sanda ya hasala, da dare ya juye ya tuna dalilin kowace ƙwaya, kuma ta yi masa aiki.

Abin da za ka sani kafin ka fara

Wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani mutumin tsibirin Saifurus mai suna Zino ya fara karantarwa a birnin Atens na ƙasar Girka, a ƙarƙashin wata baranda da ke bakin kasuwa. Baranda da Girkanci ita ce sitowa, sunan ya bi almajiransa. Larabawa ma Riwaƙiyyun suke ce musu, daga riwaƙ, wato baranda. Uku daga cikin mabiya wannan hanya karatunsu ya fi isowa gare mu, duk a zamanin daular Rum: Seneka, mashawarcin Sarki Niro, wanda ya mutu a shekara ta 65 miladiyya, Efiktitus, wanda ya tashi a bawa, gurgu ne kuma, sai Markus Oreliyus, wanda ya mulki daular daga 161 zuwa 180. Bawa da sarki, magani ɗaya suke sha.

Karatun nasu a kan zuciya gajere ne. Abu yana faruwa. Nan take zuciya ta raya maka wata magana a kansa: "ya raina ka", "shi ke nan ka kaɗe". Sai kai kuma ka ce na'am. Fushi, ko tsoro, ko baƙin cikin da ke zaunar da mutum, bayan wannan na'am ɗin yake kama ƙasa. Efiktitus ya ce ba abubuwa ne ke tayar wa mutane hankali ba, hukuncin da suke yanke wa abubuwan ne. Gadin wannan ƙofa, tsakanin rayawa da na'am, shi suke kira furosoke, ma'ana lura.

Tashin farko kuwa, faɗuwar gaba da zafin da ke hawa kai, ba naka ba ne, kuma ba za ka hana shi ba. Wani marubucin Rum ya ba da labarin tafiyarsa a jirgin ruwa tare da wani malamin Sitowa. Guguwa ta taso, fuskar malam ta yi fari fat. Da ƙura ta lafa marubucin ya tambaye shi ina karatun ya tafi, sai malamin ya zaro littafin Efiktitus daga jakarsa ya nuna masa cewa razanar farko ba ta neman izinin kowa, abin da ke hannun mai hankali shi ne kada ya amince mata.

Na san wani zai ce ai waɗannan ba Musulmi ba ne. Haka ne, kuma ban ɗauki aƙidarsu ba, dabarar na ɗauka. Kekena ma ban tambayi addinin wanda ya ƙera shi ba. Za ka kuma ga rabin abin ya yi daidai da muhasaba da malamanmu suka daɗe suna faɗa muna gyaɗa kai ba ma yi.

1. Makon farko: kallo kawai

Kada ka yi ƙoƙarin gyara komai. Duk sanda ranka ya ɓaci ko gabanka ya faɗi, da zarar ka samu sarari rubuta abu huɗu: lokaci, abin da ya faru, inda ka fara ji a jikinka, da abin da ka aikata.

Na ukun shi ne mafi amfani, shi kuma aka fi tsallakewa. Jiki yana riga baki. Ni kunnuwana ke fara ɗaukar zafi, muƙamuƙina ya ɗaure, ƙafata ta ƙara sauri a kan keke ban sani ba. Wani a ciki yake ji, wani hannunsa ke rawa. Wannan ita ce ƙararrawarka, in ba ka santa ba mataki na uku ba zai yiwu ba.

Ƙarshen mako ka karanta duka. Da na karanta nawa kunya ta kama ni: ina ganin duniya ce ke tsokanata, ashe abu uku ne ke ta maimaituwa, ɗauke wuta, mai kaya da ya zo kafin ranarsa, da kuskuren yara. Yawancinsu kuma tsakanin azahar da la'asar, ban ci komai ba tun kokon safe. Seneka ma ya lura cewa yunwa da ƙishirwa da gajiya suna sa mutum neman faɗa. Wani fushin kwanon abinci ne maganinsa.

2. Shirin safe

Markus yakan gaya wa kansa da safe cewa yau zai haɗu da mai shisshigi, da butulu, da mai girman kai, da mayaudari, kuma suna haka ne don ba su bambance alheri da sharri ba. Efiktitus ya ce in za ka gidan wanka na jama'a, ka fara tuna abin da ake yi a can: a fantsama maka ruwa, a bangaje ka, a zage ka, a sace maka kaya.

Ka yi haka da ranarka, amma da sunan abu, ba a dunƙule ba. "Yau za a ɗauke wuta ina tsakiyar aikin wuya. Yau wane zai zo karɓar kayan da ban gama ba, zai ɗaga murya." Kowanne ka haɗa shi da abin da za ka yi: "In an ɗauke, zan koma yanka. In ya zo, zan miƙe in gaishe shi, in faɗa masa gaskiyar ranar da zai samu."

Gargaɗi: abu biyu ko uku sun isa, kuma kada ka wuce minti 5. In kai mai yawan zullumi ne, wannan matakin zai iya juye maka ya zama saƙa da warwara tun da sassafe. Ka tsaya a abu ɗaya, ka fi ba da ƙarfi a kan abin da za ka yi. In duk da haka yana dagula maka lissafi, bar shi, sauran matakan suna tsayuwa ba shi.

3. Taka birki

Ƙararrawa ta kaɗa, kunne ya yi zafi. A nan ba tunani ake nema ba, jinkiri ake nema. Seneka ya ce babu maganin fushi kamar jinkiri. An ruwaito cewa wani malamin Sitowa ya shawarci Sarki Agustus na Rum kada ya ce komai ko ya yi komai cikin fushi sai ya karanta haruffan Girkanci 24 a ransa. Mu muna da abin da ya fi wannan: ka nemi tsari daga Shaiɗan, kuma hadisi ya zo cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa.

Tsarin da nake bi: in ajiye duk abin da ke hannuna, in rufe baki, in ja numfashi uku ina sakin kowanne a hankali. Sannan in ce wa abin da zuciya ta rayo, a raina: "Dakata. Ke magana ce, ba a tabbatar da ke ba tukuna." Efiktitus ya kamanta wannan da mai gadin dare da ke tare mutum ya ce nuna shaidarka.

In kana inda zama ba zai yiwu ba, kamar kan babur a cunkoso, rufe bakin da numfashin sun wadatar. In a waya ne, rubuta amsar duk yadda ka so, amma kada ka tura sai bayan sallah ta gaba. Cikin goma da ƙyar nake tura ɗaya. Saƙon murya kuwa kada ka kusance shi sam, magana zarar bunu ce.

4. Cire gishirin

Nan ne ainihin aikin, nan kuma aka fi daɗewa kafin a iya. Ka faɗa wa kanka abin da ya faru kamar yadda kyamara za ta ɗauka, ba ƙari. Efiktitus ya ba da misali: wani ya yi wanka da sauri, kada ka ce ya yi wanka mara kyau, ka ce ya yi da sauri, ba ka san dalilinsa ba.

Bari in nuna maka da abin da ya same ni bara. Wata Laraba da yamma wani dattijo, tsohon mai kawo min ɗinki, ya shigo shago cike da mutane.

"Ina kayana?"

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ai gobe muka yi."

"Gobe? Ku teloli duk bakinku ɗaya, ba ku da alkawari. Ƙarya ta zame muku sana'a!"

Kunnuwana suka ɗauka. Zuciya ta ce: ya ci mutuncinka a gaban yaranka, daga yau ba wanda zai ƙara ganin girmanka, kuma da gangan ya yi. Na ajiye almakashi. Da na cire gishirin, ga abin da ya rage: mutum ya zo, kayansa ba su kammala ba, ya ɗaga murya, ya faɗi kalmar ƙarya. Shi ke nan. "Cin mutunci", "daga yau", "da gangan", duk ni na zuba su.

Sai tambaya ta biyu, wadda ba ta da daɗi: a cikin maganarsa akwai gaskiya? Na jawo littafin awo. Laraba na rubuta, da hannuna. Na ce, "Alhaji, kai ke da gaskiya, ni na yi kuskure. Ka yi haƙuri, bayan isha'i yaro zai kawo maka har gida." Ya tsaya yana kallona kamar wanda ya taho da sanda ya tarar ba kare. Da na biye wa zuciya, da na yi rantsuwa a kan Alhamis, a gaban yaran da nake tsoron su raina ni.

Akwai kalmomin da in ka ji su a ranka ka san gishiri ne: kullum, ko sau ɗaya, da gangan, raini, shi ke nan, kowa zai ce. Tsoro ma da su yake aiki. Ka tura wa maigidanka saƙo, ya gani bai amsa ba, zuciya ta ce ya yi fushi, za a kore ka. Abin da kyamara ta ɗauka: an karanta saƙo, ba a amsa ba tukuna.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne a cire gishiri a zuba sukari: "ai ba komai, yana ƙaunata ne." Wannan ma ƙari ne. In an zage ka, an zage ka. Abin da ake so shi ne girman abin na gaskiya, kamar yadda tef ke ba ka awo, ba ya ƙara wa Alhaji tsawo don yana da kuɗi.

5. Raba nawa da ba nawa ba

Da wannan rabon Efiktitus yake buɗe karatunsa: wasu abubuwa suna hannunmu, wasu ba sa hannunmu. Na hannunka su ne hukuncinka, niyyarka, abin da za ka faɗa da abin da za ka yi. Sauran, wato ra'ayin mutane, abin da ya riga ya wuce, wuta, farashi, har lafiyar jiki, kana iya yin ƙoƙari a kansu amma ƙarshensu ba kai ke yankewa ba.

A farko ka yi shi a takarda: ja layi a tsakiya, nawa a dama, ba nawa ba a hagu. Ɗinki mai kyau nawa ne, yabon mai kaya nasa ne. Koya wa yaro awo nawa ne, ranar da hannunsa zai faɗa ba tawa ba ce. Bayan 'yan makonni za ka riƙa yi a ka cikin daƙiƙa kaɗan.

Efiktitus yana da fitilar ƙarfe, ɓarawo ya ɗauke. Ya ce gobe zai nemi ta ƙasa. Ka lura, bai kwana cikin duhu ba. Masu sakaci suna son wannan matakin, su jefa komai a hagu su miƙe ƙafa. Wuta ba a hannuna take ba, amma man janareto da dutsen guga na gawayi suna hannuna.

6. Kama ta mariƙin da zai ɗauku, sannan ka yi abin da ya dace

Efiktitus ya ce kowane al'amari mariƙi biyu gare shi, ɗaya yana ɗaukuwa, ɗaya ba ya ɗaukuwa. In ɗan'uwanka ya cuce ka, kada ka kama ta wajen cutar, kama ta wajen cewa ɗan'uwanka ne, tare kuka tashi. Yaron nan nawa da ya yanka wandon Alhaji, da na kama ta wajen "shekara huɗu yana min aiki, yau kwanansa biyu bai yi barci ba", da yanzu wataƙila shi ke riƙe min shago.

Wannan ba ya nufin a bar laifi. Ana yi wa yaro faɗa, ana bin bashi, ana kai ƙara in ta kama. Dokata dai ɗaya ce: ba na hukunta yaro ranar da ya yi laifi. Washegari in kira shi gefe, "Zo nan, ɗana, nuna min yadda ka auna." Sau da yawa a nan nake gano ni ne ban koya masa daidai ba.

7. Hisabin dare

Seneka ya ce in an ɗauke fitila, matarsa ta yi shiru don ta san al'adarsa, sai ya bi ranarsa kaf, ba ya ɓoye wa kansa komai. Tambaya uku nake yi: ina zuciya ta ɗebe ni yau? Ina na tare ta? Gobe in abin ya dawo, me zan yi dabam?

Ga irin abin da nake rubutawa: "Ƙarfe 3, yaro ya ƙona hannun riga da dutsen guga. Na daka tsawa kafin in ajiye almakashi. Ban yi zagi ba. Gobe: in gwada zafin dutsen da kaina a kan ƙyalle, in nuna masa." Layi uku ko huɗu, ba wa'azi ba.

Kada ka mayar da zaman kotun da kullum ake ɗaure ka. Seneka kansa yakan ce wa ransa ya yafe wannan karon, kada dai a sake. Wanda ke zagin kansa da dare fushin ne dai bai bari ba, ya sauya wanda yake yi wa. Kuma tambaya ta biyu dole ce, ko da abin da ka tare ƙarami ne. In kana da mutumin nan mai faɗa maka gaskiya, tambaye shi sau ɗaya a mako abin da ya gani, ka yi shiru har ya gama.

8. Ƙirga kwanaki

Efiktitus ya ce ka ƙirga ranakun da ba ka yi fushi ba: da kullum ne, ya koma bayan kwana ɗaya, ya koma bayan uku ko huɗu. In ka kai 30, shi ya ce ka yi yanka don godiya irin ta addininsu; ni sadaka nake bayarwa. Ranar da kunne ya yi zafi amma baki da hannu ba su aikata komai ba, ranar nasara ce, sa mata alama. Sai da na yi wata bakwai kafin in haɗa 30 na farko, sau biyu ina karyewa a kwana ashirin da wani abu.

Inda ake yawan zamewa

Haɗiye fushi ba shi ne wannan ba. Wanda ya yi shiru amma yana ta nanata "ya raina ni" a ciki ya riga ya ce na'am, ajiya kawai ya yi, kuma a kan matarsa ko 'ya'yansa zai sauke da dare. Alamar ka yi aikin daidai ita ce bayan awa guda abin ya yi sauƙi. In yana ƙara nauyi, koma mataki na huɗu.

Kada ka fara da babban abu. Efiktitus da ɗan man da ya zube ya ce a fara. Allurar da ta karye, canjin da aka riƙe maka, mai babur da ya shiga gabanka, da su ake koyo. Rikicin gado ko na aure ba wurin gwajin sabon hannu ba ne.

Kada kuma ka ɗora wa wani. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya bukatar a ce masa "ai ba a hannunka yake ba". Zama yake bukata da addu'a. Efiktitus ma ya ce in ka ga mai kuka ka tausasa masa da baki, ka taya shi jimami.

Likitocin ƙwaƙwalwa na zamani sun amfana da wannan karatu. Albert Ellis da Aaron Beck, Amurkawa biyu da suka kafa hanyar jinya ta gyaran tunani a tsakiyar ƙarni na 20, dukansu sun ambaci 'yan Sitowa a matsayin tushe. Amma littafi da biro suna da iyaka. In fushinka yana kai ka ga duka, ko faɗuwar gaba tana hana ka barci makonni, ko baƙin ciki ya hana ka ci da fita, ko kana jin gara ka mutu, je asibiti ka nemi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Ka tafi da littafin naka, domin lokuta da dalilan da ka rubuta a makon farko suna cikin abin da likita zai fara tambayarka.